Atamfar auduga da mai roba: yadda kowacce ta yi min daga bazara zuwa hunturu

A rumfar mai kaya kowane turmi kyakkyawa ne, a ninke cikin leda yana ɗaukar ido. Amma mu nan Birnin Kebbi watan Afrilu ne alƙalin atamfa. Ranar da zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, kina matse cikin Keke Napep a titin Ahmadu Bello, ranar za ki san abin da kika saya.

Turmi biyu na ɗauko a babbar kasuwa gab da ƙaramar Sallar 2025, wadda ta faɗo ƙarshen watan Maris. Ɗaya auduga zalla ce, shuɗi da fari, zanenta ba hayaniya. Ɗayar kuwa irin mai arahar nan ce da ta cika kasuwa, mai sulɓi, ja da ruwan goro, kuma gaskiya ta fi ta farkon kyan zane nesa ba kusa ba. Kuɗin ta audugar ya ninka nata har da ɗoriya. Mai rumfar bai rufe ni ba, ya ce, "Hajiya, wagga akwai roba ciki, amma ba ta zuba." Duka maganganunsa biyu sun tabbata.

Telata dattijuwa ce a unguwarmu, Inna nake ce mata. Ta yi min doguwar riga mai faɗi da ta audugar, ta yi riga da siket da jar. Da na nemi ta sa wa doguwar rigar shafi don ta tsaya da kyau, sai ta cire tabarau ta dube ni: "Ɗiyata, in kin sa shafin roba ƙarƙashin auduga, mi kika saye ke nan? Iskar ta ina za ta bi?" Sai ta sa farin boyel mara nauyi daga ƙirji zuwa gwiwa kawai, hannu ta bar shi haka nan. Wannan shawarar ta fi ɗinkin kansa amfani a wurina. Mata da yawa suna kashe kuɗi a kan atamfa mai kyau, tela ya lulluɓe cikinta da shafi mai santsi, su dawo suna zagin atamfar alhali ba laifinta ba ne.

Jar na sa ranar Sallah, kuma ta yi kyau a hoto, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Sai dai kafin mu gama gaishe-gaishen gidajen dangi, gumi ya taru a bayana yana gangarowa, rigar ba ta tsotse ko ɗigo ba, ta manne min a gadon baya. Da dare na ga ƙurajen zafi sun feso a ƙarƙashin hannu da inda ƙugun siket ya kama. Roba ba ta shan ruwa, shi ya sa gumin ke zama tsakanin yadi da fata, ba ya samun hanyar bushewa. Ta audugar kuwa tana jiƙewa, har shatin gumi ya fito a wuya, amma da iska ta ɗan kaɗa sai ki ji sanyi ya ratsa ki. Duk bazarar nan ita ce rigar makaranta, ita ce ta asibiti, ita ce ta zuwa barka. Jar ta koma ƙasan akwati.

Da damina ta kankama sai aka yi juyin waina. Cikin Agusta, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, doguwar rigar audugar sai ta wuni a igiya ba ta bushe ba, in kuma kika ninke ta da ɗan danshi, warin ruma ne zai tarbe ki. Ga tsawonta da ke sharar taɓo. Jar kuwa ki wanke ta da safe, kafin azahar ta bushe ƙarau, ba ta buƙatar guga, laka ma da ruwa kaɗai take fita. Ga wadda wuta ba ta isar ta kuma ba ta son hura gawayi don dutsen guga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan na yafe mata rabin laifinta.

Hunturu bai yi wa kowacce daɗi sosai ba. Jar takan manne a ƙafa tana ƙas-ƙas saboda bushewar iska, sai na shafa man kaɗanya sosai kafin ta sake ni. Shuɗin kuma farin jikinsa yana kwasar ƙura, fita ɗaya wanki ɗaya. Da safe dole a ɗora rigar sanyi da safa a kan ko wacce.

Yadda za ki bambance su tun kafin ki biya ba wuya. Ki roƙi mai kaya ki zare zare ɗaya ko biyu daga bakin da aka yanka, ki kyasta musu ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Roba kuwa tana ƙanƙancewa ta narke, ta bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, da wari irin na leda. Na gwada da ƙyallayen da Inna ta maido min: na jar ya dunƙule har ya ɗan ƙona min yatsa. Sannan ki juya turmin. Atamfa ta ainihi launinta ciki da waje kusan ɗaya ne, mai araha kuwa bayanta fari-fari yake. Kada ki dogara da rubutun bakin zani ko takardar da aka liƙa. Holan ta gaskiya kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holland, kamfanin da ya faro tun 1846, kuma shahararta ce ta sa ake kwaikwayon zanenta har da tambarinta. Tawa ba Holan ba ce, aljihuna bai kai can ba, matsakaiciya ce daga cikin waɗanda 'yan kasuwarmu ke sarowa a Kantin Kwari. Iyayenmu har gobe suna zancen zamanin da masaƙun Kaduna da ta Gusau ke aiki, lokacin da ba sai ka kunna ashana ba kafin ka yarda yadi auduga ne.

Ƙorafina a kan ta audugar biyu ne. Tana yamutsewa, zama ɗaya a mota sai bayanki ya zama abin kallo. Sannan kafaɗunta sun fara koɗewa, duk da ina wanke ta da sabulun sanda, ba na barin ta a jiƙe cikin omo, kuma a juye nake shanya ta a inuwa. A kuɗin da na biya na so ta fi haka riƙe launi. Jar ko, har yau tana nan kamar jiya aka ɗinka ta.

Masu shirin kayan Sallah su lura da lissafin wata. Kowace shekara Sallah tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya. Babbar Sallar 2025 ta faɗo farkon Yuni, daga nan kuma cikin Mayu za ta shiga, ta gangara Afrilu, wato tsakiyar zafinmu, ga hayaƙin suya ga tsayuwa bakin murhu. In turmi ɗaya kuɗinki zai iya saya, ki sayi auduga, ki yi ɗinki sakakke, ki ɗora mayafi mara nauyi maimakon hijabin roba mai kauri. Mai robar ki bar ta sai ruwa ya sauka, ko bikin dare a wurin da kika tabbatar akwai janareta.