Wane Kamfani Zaka Fara Da Shi In Kana Son Jan Filatbed A Amurka

'Yan'uwanmu da ke Buronks da Girinsboro da sauran garuruwan Amurka da yawa sun shiga tuƙin tirela, kuma mai shirin shiga yakan tsaya yana tambaya wane kamfani zai fara da shi. Ni maganata a kan filatbed ce, wato tirela mai shimfiɗaɗɗen bodi irin wadda ake lodin rodi da siminti a gida, sai dai a can babu yaron mota, kai ne direba kai ne mai ɗaure kaya kai ne mai rufa tamfol, ko ana dusar ƙanƙara ko rana na dukan ka. Abin da ke jan Musulmi da yawa gare ta shi ne kayanta ƙarfe ne da katako da bututu da kayan gini da injina, da wuya a haɗa ka da giya ko naman alade kamar yadda ake yi a motar firji.

Kafin maganar kamfani sai ka mallaki lasisin CDL ajin A, wato lasisin tuƙin manyan motoci irin tirela, ka kai shekara 21 in zaka tsallaka jiha, ka ci gwajin likita da na ƙwaya. Tun 7 ga Fabrairu 2022 dole sabon shiga ya yi horo a makarantar da ke cikin rajistar FMCSA, hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido kan manyan motoci. A 2025 kuma an tsaurara abu biyu, Turanci da takardu: daga watan Yuni jami'i na iya dakatar da direban da ba ya iya amsa tambaya ko karanta allon hanya da Turanci, a Satumba kuma aka fito da doka mai tsauri kan ba da lasisi ga wanda bai da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, ko shaidar ɗan ƙasa. 'Yan'uwa da suka taso da Faransanci dan Allah ku riƙe wannan da kyau tun kafin ku zuba kuɗi a makaranta.

Toh kamfanonin. TMC da ke Dimoyin a jihar Ayowa filatbed ce sana'arsu, motocinsu baƙaƙen Peterbilt ne masu sheƙi kuma suna da tsanani wajen tsafta da bin ƙa'ida, suna da makarantar lasisi tasu, galibin direbobinsu suna kwana gida ƙarshen mako, sannan suna da tsarin biya da kaso daga kuɗin lodi. Ga yadda kason yake, a misali kawai: in lodi ya biya dala 2,000 kai kuma kasonka 25 cikin 100 ne, ka tashi da 500 ko tafiyar gajera ce. Daɗinsa in kasuwa ta yi kyau kaima ka sha, in farashin lodi ya faɗi kuma aljihunka ne zai fara ji, kuma a lokacin sanyi aikin gine-gine yakan ja baya. Melton da ke Tulsa a Okalahoma su kuma da mil suke biya har da kuɗin rufa tamfol, suna ɗaukar wanda ya fito daga makaranta, amma tafiyarsu doguwa ce, sai ka yi makonni baka ga iyalinka ba. Saurayi mara nauyi da ke son tara kuɗi ya kuma san ƙasar, wannan zai masa. Mai mata da ƙananan yara a ƙasar da ba kaka ba goggo da zata taya riƙo, gaskiya ya yi tunani sosai, na fi so masa wanda zai dawo da shi gida duk mako ko da kuɗin ya ɗan ragu.

Maverick na jihar Akansas suma suna da suna wajen koyar da ɗaurin kaya, suna jan ƙarfe da gilashi, kuma suna maido da mutum gida akai-akai in yana zaune a yankin da suke aiki. Wannan maganar yanki ta shafi duka kamfanonin, adireshinka ne ke yanke ko zasu ɗauke ka da kuma sau nawa zaka ga gida.

Wanda bai da kuɗin makaranta yakan duba Prime na Mizuri ko Roehl na Wiskonsin, duk biyun suna koyarwa har ka samu lasisi kuma suna da ɓangaren filatbed, amma da yarjejeniya. A Prime shekara guda zaka musu aiki, a Roehl mil 120,000, in ka bari kafin nan bashin makaranta ya hau kanka. A Prime kuma bayan lasisi akwai dubban mil da zaka yi kai da mai koyarwa a mota ɗaya, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci a baya, wata da watanni, saboda haka tun ranar farko ka gaya masa lokutan sallarka da abin da baka ci, kar ka bari sai an hau hanya.

Ni dai abin da nake sawa a gaba wajen zaɓe shi ne wa zai koya maka ɗauri da kyau, domin a nan ake rasa rai. Naɗin ƙarfe guda ɗaya kan wuce fam 40,000, in sarƙa ta yi kaɗan ka taka birki da ƙarfi kan motar zai nufa, inda kake zaune. Doka ta ce ƙarfin sarƙoƙi da bel ɗin da ka sa in an haɗa su ya kai aƙalla rabin nauyin kayan, ka tsaya ka duba cikin mil 50 na farko, daga nan duk awa 3 ko mil 150. Tamfol ɗin rufe katako kuwa yakan kai fam 100, zaka hau saman lodi kusan ƙafa 13 daga ƙasa ka warware shi iska na fizgar sa, ka sauko ka bi shi da roba ɗaya bayan ɗaya, a watan azumi ma haka. Ka tambayi mai ɗaukar ma'aikata kwana nawa ake yi ana koyon wannan da hannu a fili, da mako nawa zaka yi da mai koyarwa.

Ka kuma tambaye shi kuɗin jira. Awa 11 doka ta yarda ka yi tuƙi cikin awa 14 na aiki sannan hutun awa 10, na'urar da ke cikin mota tana ƙirgawa, to in masana'anta ta zaunar da kai awa 4 ka ƙara 2 wajen ɗauri da tamfol, mai biya da mil bai biya ka komai ba sai in akwai kuɗin jira da na tamfol a tsarinsu. Duk abin da ya faɗa maka a waya ka ce ya turo a rubuce.

In aka zo maka da tayin ka karɓi mota haya kana biya duk mako har ta zama taka, wallahi a shekarar farko kar ka sa hannu, kuɗin mai da inshora da gyara duk kanka zasu dawo alhali baka gama sanin hanya ba. Ka cika shekara a matsayin ma'aikaci ba haɗari ba tikitin laifin hanya, a lokacin ƙananan kamfanoni masu biya da kyau zasu fara karɓar takardarka tunda inshorarsu yawanci shekara ɗaya ko biyu take nema.