Zabiya da rana: gargaɗin kullum ko hirar shekara-shekara

A Ostareliya, inda cutar dajin fata ta yi katutu, ma'aunin ƙarfin hasken UV (ɓangaren hasken rana da ke ƙona fata) yana fitowa tare da hasashen yanayi kullum. Da ya kai 3, an san sai hula, riga mai dogon hannu, man kariya da neman inuwa. Tun 1981 ake nanata saƙon kare fata a talabijin, har yara suka haddace.

Mu kuwa sai 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, ake ɗauko hirarraki masu sosa zuciya, washegari tsit. Alhali zabiya, saboda ƙarancin sinadarin melanin, kullum rana ke gasa fatarsu a gona da kasuwa. Ni dai gargaɗin minti ɗaya kan ƙarfin rana a rediyo kowace safiya ya fi mini.