Hotunan lambu a gasar Wiki Loves Africa: abin da na gani bayan na shiga

Tun 2014 ake gasar hotunan Afirka ta intanet mai suna Wiki Loves Africa, kuma kowane karo da abin da ake so a ɗauka. A 2023 yanayi ne, a 2025 kuwa aka ce a nuna tafiyar abinci daga gona har ya shigo kwano. Wannan ya zo mini daidai, don wayata cike take da hotunan zogale da alayyahu da 'yan fangalin albasar da nake lallaɓawa a bayan gida, waɗanda ban da ni da yara babu mai kallonsu.

Shiga ba ta cin ko sisi. Akwai shahararriyar gasar hotunan lambu ta Ingila, International Garden Photographer of the Year, wadda ake baje kolinta a lambun Kew da ke Landan, amma can sai ka biya da fam. Nan kuwa rajista kawai za ka yi a Wikimedia Commons, wato rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, ka ɗora hoton da kai ka ɗauka da hannunka, ka raɗa masa suna, ka rubuta bayani. Da Hausa ma ana karɓar bayanin.

Sai dai akwai abin da kake bayarwa, kuma shi ya fi cancanta a yi nazari a kansa kafin a danna komai. Duk hoton da ka ɗora yana fita ne a ƙarƙashin lasisin CC BY-SA. Kowa a duniya yana da damar ɗaukarsa, ya gyara shi, ya buga a kalanda ko jikin kwalin kaya ya sayar, muddin ya ambaci sunanka ya kuma bar shi a kan irin wannan lasisin. Ba a janyewa. Ko ka ci gasar ko ba ka ci ba, hoto ya riga ya zama na jama'a. Mai sana'ar hoto da ke ci da kyamararsa dole ya yi lissafi. Ni dai ban ga asara ba. Wa zai sayi hoton ganyen rama a wajena? Amma ɗalibin da ke neman ganin bambancin rama da yakuwa, ko mai rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, yana bukatarsa, kuma kayan miyarmu ba su samu masu ɗaukarsu yadda ya kamata ba. Saboda haka na riƙa haɗa sunan gida da na kimiyya a kowane bayani, zogale da Moringa oleifera, yakuwa da Hibiscus sabdariffa, har da garin da aka ɗauka.

Inda mutum ya shigo cikin hoto kuwa, magana ta canza. Na je Kadawa a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani, na tarar da wani dattijo yana ware tumatir a kwanduna. Na gaishe shi na ce, "Baba, in ka yarda zan ɗauki hoto, amma duniya ce za ta gani, ba ni kaɗai ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗauki tumatirin, ɗana, shi ne abin kallo. Ni bar ni." Hannuwansa kawai na ɗauka a bakin kwando, da jan ruwan tumatir a yatsu, kuma cikin duk abin da na tura shi na fi so.

Lokacin gasar ya faɗo a Maris da Afrilu, ga zafi ga azumi. Rana in ta take, ganye kan fito fari fat a hoto, inuwa kuma baƙa ƙirin. Bayan asuba, da gari ya soma haske, shi ne lokacin. Furen kuɓewa ya fi kowa koya mini haka: da safe yake buɗewa, ruwan ɗorawa mai taushi da jan ɗigo mai duhu a tsakiya, kafin la'asar ya yi yaushi, washegari babu shi. Sai ka durƙusa daidai tsayinsa, ka taɓa fuskar waya a kan furen don ta kama shi, ka jira iska ta lafa. Kada a ja hoto da yatsa don ya matso, dishi-dishi yake fitowa. Ƙafa za ka matsar.

Wani abin da mutane ke yi kuma yake kashe hoto shi ne tura shi ta WhatsApp kafin a ɗora. Manhajar tana matse shi, ta kuma goge bayanan kyamara da ranar ɗauka. Na asali ake so, ba tare da an manna suna ko tambari a kai ba. Na asalin kuwa yana da nauyi, ya ci mini data, kuma da rana layina yakan yanke ana tsakar ɗorawa, sai na koma yi cikin dare.

Ban ci komai a gasar ba. Hotuna dubbai ake turawa daga ƙasashen Afirka, da yawa da manyan kyamarori, kuma hoton shuka ita kaɗai da wuya ya ja ido kamar wanda ke ɗauke da mutum yana aiki. Mai neman kyauta ya nemi inda ake ban ruwa ko lodin kwanduna a mota.

Ga wanda zai gwada, a duba abin da aka ce a ɗauka a shekarar, don ba kullum lambu ke shiga ba. Kada kuma a rikita ta da Wiki Loves Earth. Waccan ta wuraren da hukuma ta killace ce, irin su Yankari da Gashaka Gumti, lambun bayan gida ba ya cikin lissafinta.