Walesa ko Kwasniewski: wane littafi ya cancanci kuɗinka

Malam, tsakanin littattafan biyu da ka ambata a kan shugabannin Polan, na tarihin Lech Walesa da na Aleksander Kwasniewski, shawarata ita ce ka sayi na Walesa. Duka biyun sun shiga hannuna, amma ɗaya kawai na karanta har ƙarshe.

Na Walesa a Zariya na same shi, wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai, bangonsa ma ya yage. Na riƙa karanta wa mahaifina shi bayan sallar isha'i ina fassara masa, domin shi ma gyaran wutar lantarki ya yi a masaƙa har ya yi ritaya. An haifi Walesa a 1943 a ƙauyen Popowo, ya zama ma'aikacin lantarki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk, aka kuma sallame shi a 1976 saboda bakinsa ya ƙi mutuwa a kan haƙƙin ma'aikata. A watan Agusta na 1980, da aka kori Anna Walentynowicz, mai tuƙa injin ɗaga kaya, ma'aikata suka shiga yajin aiki, shi kuwa ya haura katangar ma'aikatar da ta kore shi ya ja ragamarsu. Da muka zo nan, Baba ya sa na maimaita masa sau biyu. Ranar 31 ga wannan watan gwamnatin kwaminis ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiya mai zaman kanta, wato Solidarnosc, wadda mambobinta suka kai kusan miliyan 10. Janar Jaruzelski, shugaban gwamnatin kwaminis a lokacin, ya kafa dokar soja ranar 13 ga Disamba 1981, aka tsare Walesa wata 11, kuma da aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1983, matarsa Danuta ce ta je Oslo ta karɓo, saboda yana tsoron in ya fita ba za a bar shi ya komo gida ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda mulki ya ba shi wahala. Ya hau kujerar shugaban ƙasa a Disamba 1990, ya ɓata da yawancin abokan gwagwarmayarsa, ya riƙa sa-in-sa da majalisa, har Kwasniewski ya kayar da shi da ƙaramar tazara a 1995. Da ya sake tsayawa a 2000, kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u kawai ya samu.

Kwasniewski kuwa, tsohon ministan matasa ne a gwamnatin kwaminis, ya yi shekara 10 yana mulki, a zamaninsa aka yi tsarin mulkin 1997, Polan ta shiga ƙawancen tsaro na NATO a 1999 da Tarayyar Turai a 2004. Aiki ne babba, amma littafin da na saya jerin taruka ne da yarjeniyoyi, na ajiye shi a babi na uku ina jin zafin kuɗina.

Ka yi hattara da masu tallar littattafai a WhatsApp, waɗanda ke karɓar kuɗi tukuna sannan su aiko da kwafin da aka ɗauka da waya, shafuka a karkace, wasu ma babu su. Kada ka biya sai an nuna maka shafin farko da na ƙarshe, ka kuma duba shekarar bugu. Littafin Walesa da aka buga kafin 2016 ba za ka sami batun takardun da aka gano a gidan marigayi Janar Kiszczak, tsohon ministan cikin gida na gwamnatin kwaminis, a ciki ba, waɗanda suka farfaɗo da zargin cewa Walesa ya yi wa 'yan sandan ciki leƙen asiri a farkon shekarun 1970 da sunan ɓoye Bolek. Shi dai har yau yana musantawa. Ka nemi bugun da ya kawo wannan babin, ko da zai fi tsada.