Kyanwar ɗaki da kyanwar yawo: wacce ke buƙatar allura?

Hajiya, kin tambaya ko kyanwarki da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba tana buƙatar allurar riga-kafi. Tana buƙata, sai dai ba kamar mai yawo ba.

Mai yawo, wadda ke bin katanga da bola, haɗarinta a fili yake: faɗa da muzuru, cizon kare, cin abinci kwano ɗaya da kyanwoyin unguwa. Ita allura uku ce tata. Ta haukan kare, ta haɗaka mai tare mura iri biyu da mugun ciwon hanjin nan fanlukofeniya, sai ta lukimiyar kyanwa, ciwon da ke karya garkuwar jiki, da suke ɗauka ta miyau idan suna lasar juna ko cizon juna.

Ta ɗaki kuwa, in ta girma kuma ba ta cuɗanya da wasu, likita zai iya ɗauke mata ta ukun. Biyun farko ne ba na so ki yi wasa da su.

Ƙwayar fanlukofeniya kan yi shekara guda a ƙasa ba ta mutu ba, kuma ba sai kyanwa ta fita za ta same ta ba. Yaro ya tako ta a hanyar makaranta, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ita kuma ta zo tana shinshinawa tana wasa da igiyar takalmin. Shi ke nan. Ƙanana ta fi kashewa, da amai da zawo, cikin 'yan kwanaki.

Sannan a gidajenmu "ba ta fita" magana ce mai rauni. Tsakar gida a buɗe take. Ranar da ta fara kukan neman namiji, muzuru zai diro ta katanga cikin dare ko kin so ko kin ƙi. Ciwon haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana babu magani, ga dabba ga mutum, kuma wannan kyanwar ita ce yaranki ke runguma suna kwana da ita. Wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Farkon allurar ɗaya ne ga dukansu: haɗaka daga mako 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16, ta haukan kare a wata 3, a sake duka bayan shekara. Daga nan suke rabuwa. Mai yawo a riƙa kai ta duk shekara, ta ɗaki kuma haɗakarta kan iya kai shekara 3. Ta haukan kare ki bi ranar da likita ya rubuta.

Ki je asibitin dabbobi, ki ga an ciro maganin daga firij ko kula mai ƙanƙara, domin zafi na lalata shi, ki kuma karɓi katinta. Idan kuɗi ne matsalar, ki sa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin da wasu jihohi kan yi allurar kyauta.