OpenCV ko Pillow: wanne za ka ɗauka don zana siffar ƙwai da baka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya tsakanin OpenCV da Pillow, wato kayan aikin sarrafa hoto da ake amfani da su a yaren kwamfuta na Python, wanne ya fi dacewa da zana siffar ƙwai da baka (yankin zagaye mai lanƙwasa). Tunda ka ce zanen naka zai riƙa karkata, ɗauki OpenCV, kada ka wahalar da kanka.

Da shi na yi wa wani abokina aiki a gonar kajinsa da ke hanyar Zariya. Muna ɗaukar hoton ƙwai, muna so kwamfuta ta zagaye kowanne ta faɗi girmansa. Ƙwai kuwa kowanne da inda ya fuskanta. A Python, cv2 shi ne sunan OpenCV. cv2.fitEllipse ya ba ni tsakiya da tsawo da faɗi da karkata, na miƙa wa cv2.ellipse, sai ga layi ya kwanta cif a jikin kowane ƙwai. Mai gonar har yaransa ya kira su zo su gani.

Amma ka natsu a wajen kusurwar da cv2.ellipse ke karɓa, don guda 3 ce. Ta farko ita ke juya siffar gaba ɗaya, sauran biyun su ne inda baka za ta fara da inda za ta tsaya. 0 zuwa 360 cikakken zagaye ke nan. In ba ka juya siffar ba, digiri 0 yana daidai ƙarfe uku na fuskar agogo, lissafin kuma yana bin hannun agogo, saboda a hoto y ƙasa yake ƙaruwa. Wato 90 ƙasa ne, ba sama ba kamar yadda aka koya mana a aji. Abin da ya fi rikita mutane: in siffar ba cikakkiyar da'ira ba ce, 45 ɗin da ka rubuta ba zai faɗa kan ainihin 45 ba, zai ja zuwa wajen dogon ɓangaren siffar. Sannan in da hannu kake ba cv2.ellipse tsawo da faɗi, rabi yake so, kuma lamba cikakkiya, alhali fitEllipse cikakken tsawo yake bayarwa. Lambobin launi kuma na shuɗi ne farko, sai na kore, na ja a ƙarshe.

Pillow kam, akwatin da zai ɗauki siffar kawai kake ba shi, ba wurin karkata. Sai ka zana a wani shafi daban, ka juya, ka manna. Abin da zan yaba masa ɗaya ne: yana iya rubuta ɗ da ƙ da ɓ in ka ba shi salon rubutun da ke da su, cv2.putText na OpenCV 4 kuwa alamar tambaya yake zuba maka.

Ban da tambayarka: dukansu kyauta ne, da pip, abin sauke kayan Python, ake sauke su. Akwai masu bin ɗalibai a nan Kaduna lokacin furojet suna sayar da "lasisi" ko kod ɗin da suka kwafo daga intanet. Kada ka ba kowa ko sisi. Wanda ya ce shi ya rubuta, sa shi ya canza kusurwar a gabanka ya bayyana abin da ya faru.

Turo hoton da kake aiki a kai in ya ƙi, mu duba tare.