Kwalaben Vacutainer a asibitin ƙauye: suna aiki, amma ba sa son zafi

Muna amfani da kwalaben ɗibar jini na BD Vacutainer a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti a karkarar Haɗejiya, kuma a ganina sun fi sirinji da kwalba mai murfin murɗawa nesa ba kusa ba. An zuƙe iskar cikinsu tun daga masana'anta, don haka da ka tura kwalba cikin mariƙinta mai allura sai ta ja jini daidai da maganin da ke ciki. Babu buɗe murfi, babu juye jini daga sirinji, kuma wajen juyen nan ne ma'aikata kan soke yatsa.

Amma in za a cika kwalabe da yawa, sai an bi jeri bisa launin murfi. Mai shuɗin murfi ce farko, sai ja ko ruwan ɗorawa, kore, shunayya, sannan ruwan toka ta gwajin suga. Idan ka fara da shunayya, maganin EDTA da ke cikinta, mai hana jini yin guda, zai bi allura ya shiga ta gaba, sakamako ya nuna potasiyam ya hau, kalsiyam ya faɗi, alhali mutum lafiyarsa lau. Shunayya ana kifa ta a hankali sau 8 zuwa 10. Kada a girgiza, ƙwayoyin jini fashewa suke yi. Haka ma in ba a bar sifirit ɗin da aka goge fata da shi ya bushe na daƙiƙa 30 ba. Robar ɗaure dantse kuwa kada ta wuce minti ɗaya.

Aibinsu babba shi ne zafi. An ce a ajiye su tsakanin digiri 4 zuwa 25, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 ƙarƙashin rufin kwano. Kwalbar da ta gasu, ko wa'adinta ya wuce, ba ta cika zuwa layi, jini ya yi kaɗan, magani ya yi yawa, sakamakon yawan jini ya sauka. A sayi kaɗan-kaɗan, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi.

Ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar da jininsa, ko dattijuwa mai siririyar jijiya, jan kwalbar yakan lotsa jijiyar, jini ya tsaya. Nan allura mai lamba 21 ba ta yi, sai mai fukafuki ta 23, wadda ta fi ta siranta, da ƙaramar kwalba. Kwalaben Vacutainer sun fi kwalabe na gama-gari tsada, wannan gaskiya ne.

Allura kuwa, kada a mayar mata da murfi. Ta wuce kwalin zubar da allurai kai tsaye, a rufe shi in ya cika kashi uku cikin huɗu. A rubuta suna a gaban mai jinin, da shekaru da lambar kati, don a layi ɗaya sai ka samu Hauwa Musa uku. In za a ba ɗan acaɓa ya kai babban asibiti, a jera kwalaben a tsaye cikin akwatin sanyi, a sa kwali tsakaninsu da ƙanƙara, domin jinin da ya daskare ya lalace.